Kaucin Ɓaure

Bana ruwa ya ɗauke mana da wuri. Dawa tana cikin fid da kai sama ta washe, aka yi ta ɗaga ido har wuya ya gaji, ko ɗigo babu. Ranar kasuwar Batsari jikata Ummi ta hau babur ta sayo tafasa a leda, wai za ta yi mini kwaɗo don na ce bakina ba daɗi. Na zazzage ledar a faifai na duba. Rabi kara ne, rabi kuwa tsohon ganyen da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Na ce mata wanda ya sayar miki Allah ya shirye shi, ke kuma da kika biya Allah ya ƙara miki ido. Ta yi dariya ta ce ai ganye ganye ne. Ina cikin tsince karan warin tafasar ya hau hannuna, sai ga ni a wata kaka ta ƙuruciyata, wadda ban cika son ba da labarinta ba.

Lokacin Turawa ne, cikin shekarun da ake cewa suna yaƙi a can ƙasarsu. Ba zan ce ga shekaruna ba don ba a rubuta mana, amma na isa ɗaukar babban tulu daga rijiya ba tare da an sauke mini ba. Ƙauyenmu yana yamma da Wagini, daga mu sai daji. An ɗebi maza zuwa aikin haƙar kuza, Baba yana cikinsu, saboda haka damina ta same mu mu uku a gida: Inna, da yayar Baba wato Gwaggo Dije wadda ta dawo gidan ƙanenta bayan rasuwar mijinta, sai ni, Hajo. Mu muka yi shuka, mu muka yi noma har da maimai. Gero ya sha fari a tsakiya, abin da muka yanka bai rufe gindin rumbu ba. Muka mai da rai ga dawa, ita kuwa ta bushe a tsaye, ganyenta ya naɗe, in iska ta taso sai ka ji gonar tana ƙaraurau.

Cikin wannan hali aka kawo mana yayata Hanne daga wani ƙauye kusa da Safana, goyon ciki, don cikin fari a gaban uwa ake haife shi. Ita ma mijinta yana can wajen kuza. Ta sauko daga jaki da ƙyar, ciki a gaba, wuya ya yi siriri. Inna ta yi mata maraba da fara'a, amma na ga lokacin da ta waiwaya ta dubi rumbu.

Daga nan ganye ya zama abincinmu. Ba wai da ba ma cinsa ba ne, muna ci, amma da shi ne abokin tuwo, yanzu kuwa shi ne tuwon shi ne miyar. Inna takan auna tsaki da tafin hannu guda, ta barbaɗa a kan ganye cike da tukunya, a kira shi dambu. Wanda ya ce ba dambu ba ne sai ya kawo nasa.

Da an yi sallar asuba mukan fita, mata da 'yan mata, kowa da kwandonta. Raɓa ta jiƙe zane har gwiwa, ƙarangiya ta manne a ƙafa, kafin hantsi kuwa rana ta buɗe da irin zafin nan na ƙarshen kaka mai sa ido ya yi duhu. Gwaggo Dije ce gabanmu. Ita ta koya mini cewa tafasar kaka ba a zage ta, kan kawai ake tsinka, ganye huɗu na sama, don na ƙasa ya tsufa ya yi ɗaci. Ta nuna mini yadda ake raba ta da rai-ɗore, wanda ganyensa ke da tsini, shi na zazzaɓi ne ba na ci ba. Lalo a gefen fadama, zaƙi-banza da gasaya a tsohon makwancin shanu, yaɗiya a kan shinge da ƙaya. Yaɗiya sai an tafasa ta sau biyu an zubar da ruwan, in ba haka ba ɗacinta ya hana ka barci. Abin da muka samo a raba uku, na yau, da na shanya saboda rani, da na magani wanda Gwaggo ke ɗaurewa ta soke a rufin ɗaki. Ba ta da haƙuri wajen koyarwa. In ka tsinko abin da ba shi ba, a kanka za ta juye kwandon, sannan ta yi maka bayani.

Da farko bayan gari ma ya ishe mu. Amma duk ƙauyukan da ke kewaye abin da suke yi ke nan, har da mutanen da a da in sun ga mai kwandon tafasa sai su kau da kai. Kafin wata guda an aske ko'ina. Kukokin da ke bakin gari an zage su tas, sai rassa. Kowace safiya sai mun ƙara nisa, har muka kai ga shatar gandu.

Gandun dajin nan na Turawa an share masa layi mai faɗi, an jera tarin duwatsu nan da can. Daga layin zuwa ciki ba a sara, ba a sa wuta, ba a noma. Ko tsinkar ganye tana cikin dokar, babu wanda ya tabbatar mana, kuma babu mai zuwa tambaya. Abin da muka sani shi ne akwai dogarin daji, wani dogon mutum mai kaki da sanda, ba ɗan ƙasarmu ba ne, ko sunansa ba mu sani ba. Ya taɓa ƙwace gatarin maƙwabciyarmu Tasalla, ya kuma kai wani tsoho gaban hakimi saboda reshen kaɗanya guda. Mukan tsaya a bakin layi mu hangi ganye shar a ciki, mu zura da gudu mu tsinka mu fito. In wata ta ce ga kaki can, sai ka ga manyan mata sun watse kamar kaji.

Hanne ta sauka ran Juma'a, namiji. Aka yi suna ba rago, Liman ya raɗa masa Abdu, Gwaggo ta ce ita dai Ɗanjuma ta sani. Sai aiki ya ƙaru, don ban da na ci akwai ganyen wankan jego, runhu da sabara da tsamiya, ga itacen da za a tafasa ƙatuwar tukunya safe da yamma. Kunun kanwar da ya kamata mai jego ta sha har ta ture, namu ruwa ne da aka nuna wa gari. Inna ta sayar da akuyarmu ta ƙarshe ta auno hatsi, shi ma bai yi mako biyu ba.

Kwanakin farko nono ya zo kaɗan. Bayan suna ya fara ja baya, kafin kwana goma sha biyu ya ɗauke. Ɗanjuma ya kama ya ja ya ja, ya saki ya tsala kuka, ya sake kamawa. Tasalla tana goyo, takan shigo ta ba shi sau ɗaya a rana, amma ita ma nata ɗan bai ƙoshi ba. Fulani sun yi kudu da wuri saboda ciyawa ta ƙone, balle a samu madara. Inna ta koma yi masa ɗura da ruwan kunu, yana shiga yana fita. Liman ya aiko da rubutu aka ba uwa aka ba ɗa. Gwaggo ta gwada abin da ke rufin ɗakinta ɗaya bayan ɗaya, ganyen nonon kurciya, saiwar yaɗiya, duk shiru.

Hanne kuwa, da yake ɗanta na fari ne, kunya ba ta bari ta nuna damuwa ba. A gaban mutane ko kallonsa ba ta yi, sai an ce ta karɓa sannan ta karɓa tana kau da kai. Amma ni nake kai mata ruwa ɗaki, na sha samunta ta juya baya tana matsa ƙirjinta da hannu biyu, tana cije leɓe. Da ta ji motsina sai ta ja zane ta ce mini wai ƙaiƙayi take ji. Abin da ya fi tsorata ni shi ne da kukan yaron ya fara raguwa. Da farko yana hana unguwa sakat, daga baya sai ka matso kusa kafin ka ji, maɗigarsa ta faɗa ciki.

Ana cikin haka kurkunu ya fito wa Gwaggo a idon sawu. Ƙafar ta kumbura, ko bakin zaure ba ta iya kaiwa, tana zaune tana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan kaɗan tana zagin ta. Ran da Ɗanjuma ya kwana goma sha shida, da yamma, ta kira ni ta ce in zauna kusa. Ta ce saura abu ɗaya da ba ta gwada ba, kaucin ɓaure. Kauci dai kowa ya san shi, shi ne ganyen nan da ke tsirowa a jikin wani icce, ana cin sa kwaɗo. Amma a wajen magani, in ji Gwaggo, halin iccen da ya hau yake ɗauka, ɓaure kuwa icce ne mai nono, ko ina ka karya shi fari ke fita. Ba kasafai kauci ke hawansa ba. Ita guda ɗaya ta sani, a bakin wata ƙorama cikin gandu, inda muka taɓa tsinkar lalo da ita.

Inna ta ce a bari Tasalla ta je. Gwaggo ta ce Tasalla ba ta hawa icce, kuma bakinta ba ya rufuwa ko a makabarta. Sannan ta kama hannuna ta matse.

"Saurara da kyau, Hajo. Ba a sa mashi ƙarfe, da hannu za ki karya. Kada shi taɓa ƙasa. Daga sa'ad da kika karye shi har ki sa shi ga hannuna, ba ki magana da kowa. Ko gaisuwa, ko tari mai kama da magana. In kin yi, ya tashi aiki, ganye ne kawai kin ɗauko."

Na ce to. Ta ce in maimaita, na maimaita. Ta ba ni sabuwar ƙwarya da faifai da tsumman da zan goya su.

Na fita gari yana wayewa, ban bi hanyar da mata ke bi ba don kada a tare ni da surutu a dawowa. Kafin in fita na leƙa ɗakin Hanne. Yaron yana kwance idonsa a buɗe, bakinsa yana motsi shi kaɗai. Na ƙetare layin gandu rana ba ta gama fitowa ba. Ban taɓa shiga ni kaɗai ba, gamba ta fi ni tsawo, ko kurciya ta tashi sai in tsaya cik. Na sami ƙoramar ta ƙafe sai yashi mai danshi, ga ɓauren nan a inda Gwaggo ta ce. Kaucin yana can sama, ɗan kunshi guda, da jajayen furanninsa.

Na goya ƙwaryar na hau. Na yi bisimilla na kakkarye shi duka, don bai ma cika ƙwaryar ba, na rufe da faifai na ɗaure. Wajen saukowa na taka wani reshe, ya tsage da ƙara ya rufta ƙasa, saura kaɗan in bi shi. Na rungumi gindin na sulalo, ƙirji da cinya duk sun ƙuje. Ina dira na kwance ƙwaryar na ɗora a ka, na juya, sai ga kaki a gabana.

Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya dubi reshen, ya dube ni. Ya tambaye ni ɗiyar wa ce, daga wane gari. Na durƙusa, hannuna biyu a kan faifai, na sunkuyar da ido. Ya sake tambaya. A zamaninmu babba ya yi maka magana ka yi shiru, ya fi zagi ciwo, balle mai kaki. Na ji muryarsa ta canza. Ya ce ko kurma ce ni, ya ce ya san irinmu, ana turo yara su yi ɓarna don a ce yara ne. Ya ce zai tasa ni gaba har gidan hakimi, can bakina zai buɗe. Ya buga sandarsa a ƙasa dab da gwiwata. Hawaye suna zuba, amma na danne harshena. Ina ta roƙon Allah a zuci ya sa ya dake ni ya ƙyale ni, don duka ba ya karya magani.

Bai dake ni ba. Hannu ya sa ya fizge ƙwaryar daga kaina. Ya ɗaga faifan, ya ga ganye, ya ja tsaki, ya karkata ta zai juye.

"Baba, kada shi taɓa ƙasa."

Ban san ta fita ba sai da na ji ta a kunnena. Na sa hannu na toshe bakina, amma an gama.

Ya tsaya da ƙwaryar a karkace. Ya dubi ganyen, ya ɗaga kai ya dubi iccen, sannan a hankali ya daidaita ta. Ya ce, "Magani ne? Na wanda ba a magana?" Na gyaɗa kai. Ya yi salati ƙasa ƙasa. Sai ya nemi wuri ya tsuguna, ya ɗora ƙwaryar a gwiwarsa, ya ce tun da ta riga ta fita in gaya masa na wane ne. Na gaya masa duka, ina yi ina shessheƙa.

Daga nan ya ce mini abu biyu ne. Babu wanda ya ji maganata sai shi da Allah, in ina so in ɗauki ƙwaryata in tafi, kafin hantsi ya dubi ludayi ina gida, shi kuwa ba zai gaya wa kowa ba. In kuwa raina bai kwanta ba, ya san wani ɓaure mai kauci can bayan duwatsu, amma tafiya ce, sai rana ta take tsaka za mu kai. Ya ce ba zai zaɓar mini ba.

Na tuna idon Gwaggo, na san abin da za ta fara tambayata ke nan, kuma ban taɓa iya yi mata ƙarya ba. Na kuma yi tunanin in na ɓoye aka dafa aka ba Hanne ganyen banza, za a zauna ana jiran nonon da ba zai zo ba, ni kaɗai na san dalili. A ganina na lokacin, gara a makara da na gaskiya. Na ce masa mu je. Ni na zaɓa, babu wanda ya tilasta ni.

Ya juye kaucin farko a jakarsa, ya ce wannan ya zama na kwaɗo, gidansa ma ganye ake ci. Ya miƙo mini ƙwaryar ya shiga gaba.

Tafiyar nan har yau in na tuna sai in ji ta a tafin ƙafata. Tun jiya da rana rabona da abinci. Raɓa ta bushe, ƙasa ta ɗau zafi, ƙaya ta shiga ba lokacin cirewa. Shi dogo ne, taku ɗaya nasa uku nawa, yakan yi nisa ya tsaya ya jira ni ba ya waiwayowa. Da muka hau duwatsun idona ya fara ganin taurari. Ya lura, ya ratse ya tona rojiya da bakin sandarsa, ya ɓare ya ba ni na tsotsi ruwanta. Ina tafe ina auna rana, duk ɗagowar da ta yi sai in ji kamar a ƙirjina ta hau. Sau biyu na kusa ce masa mu koma, sai in tuna na farkon ya riga ya shiga jaka ya cuɗe da goro da tarkace.

Mun kai rana tana tsaka. Wannan ɓauren ya fi wancan girma nesa, reshensa na farko ya fi ƙarfin tsallena, kaucin kuwa jingim a kansa. Dogarin ya ce duk abin da zan faɗa in faɗe shi yanzu. Na ce ba ni da abin faɗa. Ya jingine sandarsa, ya duƙa ya dafa gindin iccen, ya ce in taka kafaɗarsa. Na taka kakin gwamnati da ƙafata mai ƙura na hau. Na cika ƙwaryar taf, na sauko a kan kafaɗar tasa, bai bar ni na yi tsalle ba.

A dawowa shi ma bai ƙara magana da ni ba sai a bakin layi, kamar dokar ta hau kansa. Mun haɗu da wasu mata biyu masu satar itace, suna hango shi suka yar da kaya za su ruga, ya ɗaga musu hannu ya ce su tafi abinsu. Ɗaya ta san ni, ta ce, Hajo, me kika yi aka kama ki? Ya amsa mata ya ce ba kama ni ya yi ba, kuma kada ta ƙara yi mini magana. Ya bi da ni ta wata gajeriyar hanya har bakin layi daidai gonakinmu. Nan ya tsaya ya ce daga nan ba ƙasarsa ba ce, in ya shiga gari da ni tambaya za ta yi yawa. Ya ce Allah ya ba da sa'a. Ban iya ko gode masa ba, kuma ban sake ganinsa kusa da kusa ba.

Na ratsa ta cikin busasshiyar dawarmu, inuwa ta riga ta miƙe, la'asar ta yi. Ina gudu ina tafiya, hannu biyu a kan faifai. Ina fitowa bakin gari na hangi tsofaffi uku tafe daga wajen makabarta, Liman a gaba, don su kaɗai suka rage maza a garin. Ɗaya yana saɓe da fartanya, ɗaya ya naɗe 'yar tabarma a hammata. Tabarmar tana da jan baki, irin wadda Inna ke saƙawa.

Liman ya gan ni ya buɗe baki, sai idonsa ya kai kan ƙwaryar da ke rufe. Ya mayar da bakin ya rufe, ya ja gefe, sauran ma suka ba ni hanya. Na so in tambaye su wa aka binne. Na ce a raina Inna ta sayar da irin tabarmar nan ga gidaje da yawa, yara kuwa ba namu kaɗai ke ciwo ba. In na tambaya ya zama ɗan wani ne, na kashe magani sau biyu a rana ɗaya. Na wuce su bakina a rufe.

A tsakar gidanmu mata ne zaune jigum, Tasalla har da ita ba ta ce uffan ba. Ban dubi kowa ba. Na wuce ƙofar Hanne, na hango ta kwance ta fuskanci bango, gefenta babu komai. Duk da haka na ƙarasa wurin Gwaggo, na durƙusa, na sauke ƙwaryar a hannunta. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga faifan, ta karya ganye ɗaya ta shinshina.

"Ɓaure ne. Kin iya," in ji ta. "Buɗe bakinki, Hajo, ya isa."

Da ƙyar na ce, "Yaushe?"

"Bayan azahar."

Ba wanda ya tambaye ni abin da ya tsai da ni, sun ɗauka nisan daji ne da tsoro. Ni ma ban faɗa ba. Har Gwaggo ta mutu, har Inna, har Hanne da muka tsufa tare, babu wadda ta san an yi ƙwaryar farko da za ta iso da hantsi. Yanzu na haifi nawa, na binne wasu, na san yaron da maɗigarsa ta faɗa haka ba ganyen safiya ɗaya ne zai tashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Kaina ya san wannan sarai. Zuciyata ce har yau ba ta yarda ba, kuma na gaji da lallashinta.

Ranar babu wadda ta fita ganye saboda rasuwar, tukunya ba abin sawa. Da magariba ta gabato Inna ta dubi ƙwaryar ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta ce a dafa, ba mu da gatan zubarwa. Inna ta tafasa kaucin ta tsane, ta kwaɗa shi da gishiri da 'yar daddawa. Muka ci mu duka. Hanne ta ƙi, Gwaggo ta ja ƙafarta mai kurkunu har bakin gado, ta ce mai jego ba ta kwana da yunwa ko da ɗa ko babu, ta tsare ta sai da ta cinye, ta kuma shanye ruwan.

Washegari aka ci gaba da wanka, don jego ba ya tsayawa saboda mutuwa. Na koma ɗebo runhu da sabara, na koma bin mata bakin layi. Ran kwana na uku da safe ina ɗaure kwando zan fita, sai na ji Hanne ta kira sunana daga ɗaki, muryarta ƙasa ƙasa. Na shiga. Tana zaune a bakin gado, gaban zanenta ya jiƙe sharkaf, wuri biyu, yana ɗiga a cinyarta.

"Hajo, zo ki gani," ta ce. "Maganinki ya ci."

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Inna ta shigo ta gani, ta fita, ta dawo da tsohon zane ta yage shi biyu. Ta ce Hanne ta ɗaga hannuwa. Na riƙe gefe ɗaya, Inna ta ja ɗayan, muka ɗaure mata ƙirjin tamau don ya ƙafe.